Koren Ruwa: Yadda Ake Duba Tafki da Dam Kafin a Shiga ko a Shayar da Dabba

Yawancin ruwan da jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ke hulɗa da shi a wajen gida ruwa ne kwantacce. Akwai kududdufan bayan gari da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini, da ramukan da masu aikin titi suka bari, da tafkunan fadama, sannan ga madatsun ruwa irin su dam ɗin Mairuwa a ƙasar Faskari, da na Gwaigwaye a Funtuwa, da babban dam ɗin Zoɓe a kan kogin Karaɗuwa wajen Dutsin-Ma, wanda aka kammala a 1983. Rafuka da koramu kuwa da damina kaɗai suke gudu. Da rani sai su yanke, su bar ruwa gurbi-gurbi a cikin yashi. Daga watan Oktoba da ruwan sama ke ɗaukewa har zuwa Mayu babu sabon ruwan da ke shiga waɗannan wurare. Rana na sha, dabbobi na sha, injin ban ruwa na ja, abin da ya rage yana ta ƙara kauri da ɗumi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, yara sun fi matsuwa da wanka, makiyaya sun fi matsuwa da mashaya, kuma a daidai lokacin ne ruwan ya fi yin kore.

Ba kowane kore ne abin tsoro ba. Kainuwa da bado tsirrai ne masu ganye da saiwa, kowa ya san su. Akwai kuma gansakukar da aka saba gani, mai zare-zare da santsi, wadda ke maƙale wa duwatsu da bakin rijiya. Tana da ƙazanta, tana kayar da mutum idan ya taka, amma ba ta da guba. Wadda ake gudu wata halitta ce daban, ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya ganin ɗaya-ɗayansu, waɗanda masana ke kira sayanobakteriya. Suna rayuwa da hasken rana kamar tsiro, kuma kusan kowane tafki yana da su kaɗan-kaɗan ba tare da sun cutar da kowa ba. Matsalar tana zuwa ne idan suka sami abinci ya yi musu yawa, ruwa ya yi ɗumi fiye da digiri 25, iska ta kwanta. A nan sukan hayayyafa cikin 'yan kwanaki, su taso sama su rufe fuskar ruwa, har ya koma tamkar miyar kuka.

Abincin nasu shi ne sinadaran da ke cikin taki, wato naitirojin da fosfaras. Yankin nan na kudancin Katsina ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga da waken suya, kuma duk buhun kamfa ko yuriya da aka watsa a gona ba duka shuka ke cinyewa ba. Ruwan sama yana wanke saura ya gangara da shi kwari. Ga kashin shanu a bakin mashaya, ga kwatamin gari da ke ƙarewa a kududdufi, ga kumfar wanki, ga masu zagayawa bayan gari. Fosfaras ba ya tafiya ko'ina idan ya shiga tafki. Kwanciya yake yi a cikin laka, ya riƙa tasowa shekara bayan shekara, shi ya sa kududdufin da ya taɓa yin irin wannan kore yakan sake yi.

Gubar da waɗannan ƙwayoyi ke yi iri-iri ce. Wadda ta fi yawa a duniya ita ce maikrosistin, mai lalata hanta. Akwai anatoksin, mai kama jijiyoyi ta tsayar da numfashi, wadda kan kashe kare ko tunkiya cikin ƙasa da awa guda. Akwai mai taɓa hanta da ƙoda tare, akwai kuma masu sa ƙaiƙayi da ƙuraje kawai. Rahoton kimiyya na farko a kan abin ya fito ne a 1878, lokacin da George Francis ya bayyana yadda tumaki da dawaki da karnuka suka mutu bayan sun sha daga tafkin Alexandrina a ƙasar Ostareliya. A watan Fabrairun 1996, a garin Caruaru na Barazil, ruwan dam mai maikrosistin ya shiga injunan wankin ƙoda, marasa lafiya fiye da 50 suka rasu. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar kuma suka ɗora alhakin a kan gubar da ke cikin tafkunan da suke sha. Abin bai tsaya a nesa ba. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Mathias Chia, sun gano maikrosistin a tafkunan kiwon kifi da wuraren ɗiban ruwa na Zariya, daga baya suka same ta a alayyafo da kabeji da latas da ake sayarwa a kasuwannin garin. Ƙasar Zariya kuwa da kudancin Katsina yanayinsu ɗaya, nomansu ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: maikrogiram 1 a kowace lita ga ruwan da ake sha kullum, da maikrogiram 24 ga ruwan wanka da iyo. Maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, ke nan ba abu ne da harshe ko hanci zai gane ba. Sai ɗakin gwaji ne ke iya tabbatar da ko wani kore yana da guba, domin wani yana da ita, wani babu, kuma tafki ɗaya yakan canja daga mako zuwa mako. Tun da ba kowane ƙauye ke da hanyar kai ruwa gwaji ba, aikin ya koma kan ido, kuma ƙa'idar ita ce a ɗauki duk irin wannan kore a matsayin mai guba.

Dubawa da safe ta fi, kafin iska ta tashi, saboda ƙwayoyin suna tasowa sama ne cikin dare idan ruwa ya natsu. Mai duba ba zai tsaya a inda ya iso kawai ba, zai zagaya zuwa gefen da iska ke turawa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, don haka taruwar tana gefen kudu maso yamma. Idan bazara ta kawo iskar damina sai abin ya juya. Yakan faru tsakiyar dam ya yi fes, amma wani lungu da ke bakin gaɓa ya cushe, kuma sau da yawa wannan lungun mara zurfi shi ne inda yara ke wasa, inda awaki ke sha. Gubar da ke cikin irin wannan taruwa takan ninka ta tsakiyar ruwa sau ɗaruruwa.

Alamomin su ne kore mai kauri da ke shimfiɗe a sama, ko zane-zane kore da ke bin iska, ko ƙananan ɗigo-ɗigo da ke yawo cikin ruwa. Idan ƙwayoyin suka fara mutuwa sai launin ya koma shuɗi-shuɗi ko fari-fari, a ga busasshen ɓawo mai shuɗi a kan laka, wari kuma ya tashi, na ruɓaɓɓiyar ciyawa. Matattun kifi ko tsuntsaye a gaɓa babbar alama ce. Sai gwajin sanda: a sami doguwar sanda a tsoma a ɗago a hankali. Idan ta ɗauko zare-zare masu reto, gansakukar da aka sani ce. Idan ta fito a shafe da kore, babu abin da ta iya ɗagowa, to ita ce ake gudu. Akwai kuma gwajin kwalba. A sa leda a hannu, a ɗebi ruwan a farar kwalba ko gorar roba mai haske, kada a cika ta, a rufe a ajiye a wuri mai sanyi da duhu inda ba za a motsa ta ba, a rubuta a jiki don kada wani ya sha. Da safe, idan kore ya kwanta a gindi, mai yiwuwa mara guba ne. Idan ya taru a sama ya yi zobe, sayanobakteriya ce. Waɗannan gwaje-gwaje suna taimakawa wajen hanawa, ba wajen ba da izini ba, don akwai nau'in da ba ya tasowa sama, akwai kuma mai kwanciya baƙi-baƙi a kan duwatsun rafi. Ma'auni mafi sauƙi ga mai niyyar wanka shi ne, idan babban mutum ya tsaya ruwa iya gwiwa bai hango yatsun ƙafarsa ba saboda kore, ba a shiga. Jan ruwan laka na damina wani abu ne daban.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen tafasawa. An daɗe ana koya wa jama'a cewa tafasa ruwa na kashe cuta, kuma gaskiya ne ga kwalara da taifod. Amma maikrosistin ba ƙwayar cuta ba ce da za ta mutu, guba ce da wuta ba ta lalatawa. Tafasawa fasa ƙwayoyin take yi gubar ta fito, tururi ya tafi, abin da ya rage a tukunya ya fi na da ƙarfi. A watan Agustan 2014, lokacin da gubar ta shiga famfunan birnin Toledo na Amurka daga tafkin Erie, an gaya wa mutane kusan 400,000 kada su sha, kuma kada su tafasa, har na kusan kwana uku. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da ƙwayoyin, tacewa da ƙyalle tana rage su, amma gubar da ta riga ta narke tana wucewa. Saboda haka ruwan da ya yi irin wannan kore ba na sha ba ne, ba na girki ba, ba na alwala ba, tun da alwala akwai kurkurar baki da shaƙa hanci. A koma rijiya ko burtsatse. Idan babu wani ruwa sam, rami da aka tona a yashi nesa kaɗan da gaɓa, ruwa ya tsattsafo ta cikin ƙasa, ya fi ɗiba kai tsaye, ko da yake wannan ragewa ce, ba kawarwa ba. Mai sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa yana da haƙƙin tambayar inda aka ɗebo.

Yara sun fi manya shiga haɗari, don jikinsu ƙarami ne, sun fi daɗewa a ruwa, kuma ba sa iyo baki a rufe. Wanda ya riga ya shiga, a cire masa tufafin nan take, a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, a wanke idanu sosai. Ƙaiƙayi da jan ido da ciwon maƙogwaro sukan wuce cikin 'yan kwanaki. Amai, gudawa, ciwon ciki ta gefen dama, ido ya yi rawaya, baki ko yatsu su sage, ko numfashi ya yi wuya, waɗannan na asibiti ne ba tare da jira ba, kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya sunan tafkin da lokacin da aka shiga. Gubar ba ta da makari. Abin da ake yi shi ne tallafa wa jiki da ƙarin ruwa da kula da hanta da numfashi. Manja da madara da ake ɗura wa wanda ya sha guba ba sa yin komai a nan.

Asarar da ta fi yawa a kan dabbobi take. Saniya tana shan lita 30 zuwa 50 a rana da zafi, kuma daga bakin gaɓa take sha, inda abin ya fi taruwa. Kare yana shiga ya fito ya lashe jikinsa. Dabbar da ta sha za a ga tana tangaɗi, tana dalalar da miyau, jiki na rawa, wani lokaci a tarar da ita a mace 'yan taku kaɗan daga ruwa. Wadda ta tsira takan yi rama, fatar hanci da ta nono ta riƙa saɓulewa a rana saboda hanta ta taɓu. Ba duk mutuwar gaggawa ce daga ruwa ba: akwai saifa, akwai gyauron dawa, akwai yuriya ko maganin feshi da aka bari a fili. Don haka a janye sauran garken daga mashayar, a kira malamin dabbobi ya duba, kada a feɗe mushen, kada kuma a yi saurin yanka mai magagin mutuwa a kai mahauta. Idan dole ne a shayar daga wannan dam, a koma gefen da iska ke fitowa, a jawo ruwa da inji daga wuri mai zurfi, bakin tiyo yana ƙasa da fuskar ruwa amma bai taɓa laka ba, a zuba a kwami.

Kifi kuwa, gubar ta fi taruwa a hanta da hanji. Karfasa ta fi tarwaɗa ɗauka, don ita ƙwayoyin take ci kai tsaye. Kifin da aka kama da rai daga ruwan da ya ɗan yi kore, a cire kayan ciki duka a zubar inda kare da kaji ba za su samu ba, a wanke tsokar da ruwa mai kyau. Wanda aka tsinta a mace yana yawo ba a ci, ba a banda shi a kai kasuwa. Ko koren ne ya shanye iskar ruwan cikin dare, ko wani ne ya zuba maganin ƙwari na gamalin, duk ɗaya ne ga mai ci. Masu noman rani su bi da ruwa ta kwali zuwa gindin shuka maimakon watsa shi a kan ganye, musamman latas da kabeji da ake ci ɗanye.

Kada a zuba wani magani a tafki don kashe koren. A 1979, a tsibirin Palm na Ostareliya, an zuba sinadarin tagulla a dam ɗin garin don wannan manufa. Ƙwayoyin suka fashe gaba ɗaya, gubar ta watsu, yara fiye da 100 suka kwanta a asibiti. Ko da koren ya baje da kansa bayan iska ko ruwan sama, gubar takan saura kwanaki ko makonni, don haka a ƙara aƙalla mako biyu kafin a koma. Wanda ya fara ganin abin ya sanar da mai unguwa ko dagaci da duba-gari na ƙaramar hukuma, a yi shela a masallaci da makarantun allo. Idan dam ne da ake tura ruwansa famfo, Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina ya kamata ta ji. Hoton waya yana taimakawa. Maganin dindindin kuwa a tudu yake: a bar ciyawa ta tsaya tsakanin gona da gaɓa, a binne taki maimakon watsa shi gab da saukar ruwa, a ware wa dabbobi mashaya guda, a kawar da juji da masai daga bakin kududdufi.

Ruwa mai haske ma ba shaidar lafiya ba ne. Tsargiya ta fi koren ruwa kama mutane nesa ba kusa ba, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ganyen bado da ciyawar gaɓa, daga nan tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka ko wanki. Tsutsotsin sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke tsere zuwa rafi. Jinin da ke biyo ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. Idan aka bar shi yana lalata mafitsara da ƙoda, a mata kuma yana taɓa mahaifa. Maganin cutar shi ne firazikwantal, ana shan sa sau ɗaya gwargwadon tsawo ko nauyi, bayan an ci abinci, kuma ana raba shi kyauta a makarantu lokaci-lokaci. Ba ya hana sake kamuwa. Ruwan rafi da aka ɗebo don wanka, idan ya kwana biyu a bokiti babu katantanwa a ciki, tsutsar ta mutu.

Sai nutsewa, wadda ba ta ba da lokaci. Ramin titi da ramin masu haƙar yashi ba su da gangare. Taku ɗaya ne tsakanin iya gwiwa da abin da ya shanye kai. Korama da ta bushe takan cika cikin mintuna saboda ruwan da aka yi a wani gari, kuma ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da babba, balle mai babur. Jirgin fito yana da adadin da yake ɗauka: a ranar 30 ga Nuwamba 2021, a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, jirgin da aka cika fiye da ƙima ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Mai nutsewa ba ya ihu ba ya ɗaga hannu yadda ake zato. Kansa ne ke sama yana ƙasa, shiru. Shi ya sa yaro ɗan shekara goma ba mai tsaron ƙannensa ba ne a bakin ruwa.

Wanda bai ƙware a iyo ba kada ya faɗa ceto, don mai nutsewa yana riƙe duk abin da ya samu ya danna ƙasa. A miƙa masa gora ko doguwar sanda ko rawani, mai miƙawa yana kwance a gaɓa don kada a janye shi, ko a jefa jarka da babu komai a ciki, murfinta a ɗaure. Idan an fito da shi ba ya numfashi, ba a danna ciki, ba a ɗaga shi ƙafa sama don ruwa ya zubo. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana tura amai cikin huhu. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska a baki sau 5, ana kallon ƙirji yana tashi. Sai a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a ci gaba a haka, wani kuma ya nemo abin hawa. Ga ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa, ga jariri yatsu biyu. Idan ya fara numfashi a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo ya miƙe yana magana, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da wahalar numfashi bayan wasu awanni.